HARAJIN DAJI DA HARAJIN GARI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wani mutum da yake salla tare da mu a kowane masallaci na ƙasar Birnin Gwari, tun daga cikin gari har zuwa Kuyello da Randagi da Dogon Dawa. Ba sai an faɗi sunansa ba, kowa ya san shi. Da can a sahun farko yake tsayawa. Yanzu kuwa sai an tayar da iƙama yake shigowa, ya raɓe a bakin ƙofa, liman na yin sallama ya suri takalmansa, domin a sahun gaba akwai mutum uku da suke binsa bashi. Ya daina bi ta layin da shagon mai taki yake. Wayarsa kullum a kashe. Dare ya yi ba ya barci, sai lissafi, lissafin kuma ba ya fita. Matarsa ta ce gishiri ya ƙare, sai ya hau ta da faɗa kamar ita ce ta ƙone masa rumbu. An auna shi a asibiti an ce hawan jini ne. Idan ka gaishe shi ka tambaye shi gida, sai ya ce alhamdu lillahi, ya kau da kai.

Wannan bawan Allah ba malalaci ba ne, ba kuma mashayi ba ne. Manomi ne, ko ɗan tireda, ko malamin firamare, ko direban da ya yi shekaru yana bin hanyar Kaduna da ransa a hannu. Abin da muke so mu faɗa a wannan wata shi ne, haraji biyu ne suka karya bayansa. Ɗaya an karɓe shi da bakin bindiga a daji, kowa ya yi Allah wadai da shi. Ɗayan kuwa mu ne muke karɓarsa a cikin gari, da murmushi, da sunan taimako, da sunan zumunci, wani lokaci ma da sunan addini. Na farko ba a hannunmu yake ba. Na biyu kuwa, idan mun ga dama, gobe da safe za mu iya soke shi.

HARAJIN DAJI

Dattawa suna iya tunawa cewa a 1979 gwamnatin marigayi Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, talakawa suka yi murna, suka ce an sauke musu kaya. Babu wanda ya zaci cewa bayan shekara talatin da 'yan kai haraji zai dawo, ba ta hannun dagaci ko mai unguwa ba, sai daga dajin Kamuku da na Kuyambana, mai karɓarsa kuma ba ya ba da rasit.

Dajin Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun namun daji na ƙasa a 1999, ya koma maɓoyar ɓarayin shanu, daga baya suka rikiɗe suka zama masu satar mutane. A watan Oktoba na 2012 aka kashe kimanin mutum 20 a Dogon Dawa, wasunsu suna fitowa daga sallar asuba. A watan Mayu na 2018 aka kashe fiye da mutum 40 a Gwaska. Hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro, ko kuma da kasada. A ƙauyuka da yawa manomi ya biya kafin ya shuka, ya kuma biya kafin ya girbe, idan kuma aka ga dama a haɗa da hatsin a tafi da shi.

To, idan aka ɗauke mutum, kowa ya san yadda gidansu suke tara kuɗin fansa. Da shanun noma ake farawa. Sai babur. Sai hatsin da ke rumbu, har da iri. Sai kayan ɗakin mata. Sai gona. Idan duk wannan bai kai ba, sai a shiga gari gida gida ana neman rance. Wanda aka sace ya dawo, a yi murna kwana biyu, a rana ta uku a wayi gari gidan ba sa, ba babur, ba gona, sai bashi. Kan wannan kuma, a ƙarshen 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana hawa babur, ta sa aka katse layukan waya na kusan wata biyu, domin a matsa wa 'yan bindiga. Ko ma mene ne amfanin wannan mataki, ɗan tireda da ɗan acaba da mai cajin waya sun ji shi a jikinsu.

A ƙarshen Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka yi sulhu da wasu shugabannin 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara wadda ta yi kusan shekara goma a rufe. Bayan nan motoci suka koma bin hanya, manoma da yawa suka koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba. Mun gode wa Allah a kan duk ran da ya kuɓuta. Amma fa a sani, sulhun bai shafe ko kwabo daga bashin da aka ci a shekarun wuya ba. Ga shi kuma mutanenmu sun fito daga wannan wuta sun tarar da ta ƙasa baki ɗaya. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace daga hannun mutane. A ranar 29 ga Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Lokacin da masara take da tsada, a 2024, mutuminmu mai saye ne, domin ba shi da ita. Da ya koma gona ya noma a 2025, sai farashinta ya faɗi warwas, taki kuwa bai sauko ba. Wannan shi ne harajin daji da abin da ya biyo bayansa.

HARAJIN GARI

Yanzu bari mu juyo cikin gari, inda gaskiya take da ɗaci. Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. To, su wa suke miƙa wa ɗan'uwanmu takobi?

Na farko shi ne mai ba-da-kaka. Ya ba ka buhun masara ɗaya a watan Yuli, lokacin da rumbu ya koma fanko, ya ce ka kawo biyu idan an yi girbi. Ya ba ka rancen kuɗin taki, ya ce ka mayar da ƙari. Wannan riba ce tsantsa, ko da mai bayarwa ya je Makka sau bakwai, ko da goshinsa ya yi baƙi don sujada. Kada a ruɗe mu da cewa ai cinikin salam ne. Salam halal ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna yinsa, ya tabbatar da shi da sharaɗin a san mudu, a san nauyi, a san lokaci: ka biya kuɗi a yau cikakke, ka karɓi hatsi sananne a rana sananniya. Amma hatsi da hatsi irinsa tare da ƙari, ko naira da naira tare da ƙari, babu malamin da ya halatta shi. Ko a cikin salam ɗin ma, wanda ya ga ɗan'uwansa yana neman kuɗin fansar ɗansa, ya saye amfanin gonarsa a rabin kuɗinsa, to ko alƙali bai warware cinikin ba, sai ya shirya amsar da zai bai wa Allah.

Ɗan'uwan mai ba-da-kaka shi ne mai karɓar jinginar gona. Ya ba da rance, ya riƙe gona, yana nomawa yana cin amfaninta shekara da shekaru, bashin kuma yana nan daram bai ragu ba. Jingina a shari'a amana ce ta tabbatar da biya, ba saniyar tatsa ba ce. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa duk rancen da ya jawo wa mai shi amfani, riba ne. Yau a ƙasar Birnin Gwari gonaki nawa ne suka fita daga hannun marayu ta wannan hanya? Ɗan bindiga ya kashe uban, mai jingina ya cinye gonar. Wanne ne a cikinsu ya bar wa yaran abin da za su ci?

Na biyu ita ce al'ada. Mutumin da ake binsa kuɗin taki na damina biyu, 'yarsa ta isa aure, sai dangi su taso masa: gado da katifa, kujeru, jeren kwanuka, gara, anko, kamu, wunin biki da masu kiɗa. Shi ma angon an ɗora masa akwatunan lefe da ba zai iya ɗauka ba sai da rance. A gama biki a watse, a bar gida biyu cikin bashi, amarya ta tare a ɗakin da ba a biya kuɗin kayansa ba. Bayan wata shida a fara faɗa a kan cefane, bayan shekara a yi saki, a ce aljanu ne ko sammu. Ba aljanu ba ne, bashi ne. Alhali Manzon Allah (SAW) ya yi walimar aurensa da Nana Safiyya (RA) da dabino da cuku da man shanu, babu nama babu gurasa. Shin 'yarka ta fi matar Annabi daraja ne?

Mafi muni shi ne abin da muke yi a gidan mutuwa. An kashe magidanci a gona, an bar mace da 'ya'ya da bashi, sai gari ya zo ya zauna a ƙofar gida ana jiran tuwo. Sadakar uku, sadakar bakwai, sadakar arba'in, a yi gumba, a yi waina, a raba wa malamai kuɗi, duk daga dukiyar marayu ko daga sabon rance. Lokacin da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib (RA) ya iso Madina daga Mu'uta, umarnin da Annabi (SAW) ya bayar shi ne a dafa wa iyalansa abinci a kai musu, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu kuwa mun kifar da sunna, mun mai da masu makoki masu dafa mana. Sannan bashin mamacin, wanda shari'a ta sa a biya shi kafin a raba gado, sai a bar shi rataye a wuyansa. Kaico!

Na uku shi ne malamin tsibbu da abokan sana'arsa. Idan ƙunci ya kai wa mutum iya wuya, sai a raɗa masa cewa akwai wani malam a wani ƙauye mai ba da sa'ar kuɗi, ko mai ɗaure bakin masu bin bashi. Ya je, a buga masa ƙasa, a ce maƙiyi ne a cikin dangi ya rufe masa arziki, a ce ya kawo baƙin bunsuru da turare da kuɗin aiki. Ya dawo gida da laya a aljihu, da sabon bashi, da gaba tsakaninsa da ɗan'uwansa na jini, da imaninsa a cikin haɗari, wal'iyazu billahi. Tambaya ɗaya tak za ta ishe mai hankali: wanda yake da asirin kuɗi, me zai yi da naira dubu ashirin ɗinka? Irin wannan tsibbu ya shiga waya ma yanzu. Matasa suna zuba kuɗin cefane a cacar ƙwallo. Wasu suna zuba jari a inda aka ce kuɗi za su ninka cikin wata ɗaya, sun manta yadda MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, da yadda CBEX ta rushe a Afrilu 2025. Wasu kuma suna karɓar rancen waya mai ruwa, wanda idan aka makara sai a bi lambobin 'yan'uwa da surukai ana tozarta mutum. Duka dai abu ɗaya ne: ana sayar wa mai ƙishirwa ruwan gishiri.

AMSA GA MASU KARE WANNAN HALI

Mun san abin da za a ce. Mai ba-da-kaka zai ce, ai ban tilasta shi ba, da ƙafarsa ya zo. Muna amsa masa da cewa yardar wanda yunwa ta koro ba ta halatta abin da Allah Ya haramta. Shi ma wanda ya kai kuɗin fansa daji, da ƙafarsa ya je. Zai kuma ce, idan na daina bayarwa wa zai ba su? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma za mu zo kanta a ƙarshe, amma rashin likita a gari ba ya mai da mai sayar da guba likita.

Masu al'ada za su ce, idan ba a yi ba za a yi mana dariya, za a rena yarinya a gidan miji. To, waɗanda kuke tsoron dariyarsu, ranar da mai bashi ya kai ku kotu, a ina suke? Wanda ya ci shinkafar biki ba ya zuwa biyan bashinta. Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana a Suratuɗ Ɗalaƙ cewa kowa ya ciyar gwargwadon abin da aka hore masa, Ya kuma yabi bayinSa a Suratul Furƙan da cewa ba sa ɓarna ba sa ƙwauro. Zumuncin da ba ya tsayuwa sai da rance, ba zumunci ba ne, gasa ce.

Akwai kuma masu wa'azin da ba su da magana ga mai bashi sai guda ɗaya: ka yi haƙuri, ƙaddara ce. Haƙiƙa ƙaddara gaskiya ce, haƙuri kuma wajibi ne. Amma haƙurin da Annabi (SAW) ya koyar ba shi ne a rufe baki a zauna ciwo yana cin mutum ba. Lokacin da mahaifin Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya yi shahada a Uhudu ya bar masa bashi da ƙanne mata, Annabi bai sallame shi da kalmar haƙuri ba. Ya nemi masu bin bashin su sassauta, da suka ƙi, ya taka da ƙafarsa ya je gonar dabinon, ya zauna aka yi ta awo har aka biya kowa. Da ya ji muryar Ka'abu ɗan Malik (RA) ta ɗaga a masallaci yana bin Ibnu Abi Hadrad (RA) bashi, sai ya leƙo ya yi wa Ka'abu nuni da ya yafe rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya saura. Wannan shi ne aikin shugaban jama'a. Limamin da yake ganin mai bashi da mai bin bashi a sahu ɗaya, ya san abin da ke tsakaninsu, bai taɓa zaunar da su ba, to bai gama limanci ba.

GARE KA, YA KAI MAI BASHI

Ya ɗan'uwa, ka fara da sanin cewa bashi ba abin kunya ba ne idan larura ce ta kawo shi. Fiyayyen halitta (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Kuma ya kasance yana yawan neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi, yana haɗa su a addu'a ɗaya, domin ya san tare suke tafiya. Ka riƙe wannan addu'a safe da yamma. Bayan haka sai ka tashi ka yi abubuwa biyar.

Na ɗaya, ka rubuta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ka sami takarda, da boko ko da ajami, ka jera sunan duk wanda yake binka, da adadin, da ranar alkawari. Idan ba ka iya rubutu ba, ɗanka ya rubuta maka. Bashin da yake yawo a kai da tsakar dare ba shi da iyaka, kamar dodon da ba a gani. Wanda aka sa a takarda kuwa yana da farko yana da ƙarshe. A gefe guda ka rubuta abin da yake shigo maka da abin da ka mallaka. Zubairu ɗan Awwam (RA) ya bar bashin da ya kai miliyan biyu da dubu ɗari biyu, ɗansa Abdullahi ya ƙididdige shi, ya biya, ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin hajji ko akwai wanda ya rage, kafin ya yarda a raba gado.

Na biyu, ka jera su bisa nauyinsu. Abincin iyali da magani da iri da abin noma su ne gaba, domin idan ka sayar da garma ka biya bashin bana, da me za ka biya na baɗi? Sai haƙƙin talaka irinka, kamar ɗan ƙodago da mai awo. Bashin da yake da ruwa kuwa, uwar kuɗi ita ce haƙƙin mai shi. Ka nemi malami da dattijo su raka ka a roƙe shi ya ji tsoron Allah ya janye ƙarin.

Na uku, ka daina ɓuya. Ka je ka sami kowane mai binka tun kafin ya zo, ka gaya masa gaskiya, ka faɗa masa abin da za ka iya bayarwa duk ranar kasuwa ko duk kaka, komai ƙanƙantarsa, ka kuma cika. Mai bin bashi ya fi jin zafin kashe waya da ƙaryar gobe fiye da jinkiri. Annabi (SAW) ya yi gargaɗi cewa bashi yana kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari, to kada ka bari ya kai ka can.

Na huɗu, ka gaya wa matarka. Da yawa cikin magidanta suna ɓoye wa iyalinsu halin da ake ciki don kada girma ya faɗi, sai matar ta ci gaba da neman abin da ta saba, shi kuma yana ganin ba ta da tausayi. Wadda ta san gaskiya ita ce za ta rage mudu, ta jinkirta anko, ta taimaka da kuɗin adashinta idan ta ga dama, ba da tilas ba, domin dukiyarta tata ce.

Na biyar, kada ka ci sabon bashi don biki, ko suna, ko fita kunya. Ragon suna ga mai hali ne. Ba a cike rami da ƙasar da aka haƙo daga wani ramin a cikin ɗaki ɗaya.

Idan kuma ka ga rashin barci ya yi tsawo, abinci ya fita daga ranka, kana jin gara mutuwa da wannan rayuwa, to kada ka yi shiru ko na kwana ɗaya. Ka gaya wa wanda ka amince da shi, ka je asibiti. Wannan ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, akwai ma asibitin tarayya na ƙwararru a kansa a Barnawa cikin Kaduna. Ba raunin imani ba ne neman magani. Ranka amanar Allah ce, ya fi duk abin da ake binka tsada, kuma mutuwarka ba za ta biya bashi ba, sai dai ta bar wa marayu shi.

GARE MU, MU MASU WA'AZI DA MASU HALI

A nan ne za mu amsa tambayar mai ba-da-kaka, kuma a nan ne za mu tuhumi kanmu. Shekara da shekaru muna hawa mumbari muna cewa riba haramun ce, bidi'a ɓata ce. Gaskiya muka faɗa. Amma da muka rufe wa talaka waɗannan ƙofofi, wace ƙofa muka buɗe masa? Muna tara kuɗin lasifika, da tayil, da fenti, da motocin zuwa wa'azin ƙasa, amma a masallatai nawa ne ake da littafin da aka rubuta sunayen waɗanda bashin fansa ya durƙusar? Idan ba mu da shi, to mu ma muna da kaso a cikin harajin gari.

Shari'a ba ta bar wannan wuri a buɗe ba. A aya ta 60 ta Suratut Tauba, masu bashi suna cikin kashi takwas na waɗanda ake bai wa zakka. A aya ta 280 ta Suratul Baƙara an umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi, an kuma nuna masa cewa yafewa ta fi. A hadisin Ƙabisa (RA) da Muslim ya ruwaito, cikin mutum uku da roƙo ya halatta gare su akwai wanda masifa ta auka wa dukiyarsa ta share ta. Wa ya fi cancantar wannan siffa fiye da wanda aka kore masa shanu aka ƙone masa rumbu? Muslim ya kuma ruwaito labarin wani da ya yi asara a cinikin 'ya'yan itace bashi ya yi masa yawa, Annabi (SAW) ya sa aka tara masa sadaka, da ba ta kai ba, ya gaya wa masu binsa su karɓi abin da ya samu, ba su da wani abu bayan wannan. Da farko Annabi yakan ƙi yi wa mai bashi sallar jana'iza sai wani ya ɗauki nauyin biya, kamar yadda Abu Ƙatada (RA) ya yi, amma da Allah Ya buɗa wa Musulmi, sai shi da kansa ya ɗauki nauyin bashin muminin da ya mutu bai bar abin biya ba. Ashe ke nan bashin talaka nauyi ne a kan jama'a idan jama'a tana da hali.

Ƙasarmu ƙasar hatsi ce. Duk wanda ya noma abin da ya kai wusƙi biyar, wato sa'i 300, buhu shida zuwa bakwai ke nan a kimance, zakka ta hau kansa: ɗaya bisa goma idan noman damina ne, ɗaya bisa ashirin idan da inji aka yi ban ruwa. Mai buhu ɗari, goma ba nasa ba ne. Da a ce manyan manoma da 'yan kasuwar kara da dillalan zinariya za su fitar da wannan haƙƙi yadda ya kamata, a daina rarraba shi mudu mudu a ƙofar gida don a gani, da an kuɓutar da gidaje da yawa a kaka ɗaya.

Saboda haka muna kira ga kowane kwamitin masallaci da ya yi abu huɗu kafin kaka mai zuwa. Ya zaɓi mutum uku amintattu masu riƙe sirri, su binciko masu bashin larura a unguwa ba tare da tozarta kowa ba. Ya ware kaso sananne na zakka don fanso gonakin da aka jinginar, a fara da na marayu da na matan da aka kashe wa maza. Ya buɗe rumbun rance, a ba da buhu a watan Yuli a karɓi buhu a kaka, ba ƙarin ko tiya ɗaya, a rubuta da shaidu. Sannan limamai da shugabanni su fara da kansu: su aurar da 'ya'yansu ba gara ba anko, su hana a dafa ko tukunya ɗaya a gidajensu ranar makoki. Talaka ba zai iya karya al'ada shi kaɗai ba, za a ce talauci ne. Idan mai hali ya karya ta, sai a ce sunna ce, kowa ya sami mafaka.

Ya 'yan'uwa, mutumin nan na bakin ƙofa zai sake zuwa sallar asuba gobe. Liman na sallama zai suri takalmansa. Wani a cikinmu ya riga shi fita, ya kama hannunsa, ya tambaye shi nawa ne.

Allah Ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa, Ya biya wa mai bashi bashinsa, Ya jiƙan waɗanda aka kashe, Ya dawwamar da zaman lafiya a ƙasar Birnin Gwari da sauran ƙasashen Musulmi, Ya wadatar da mu da halal ɗinSa ga barin haram ɗinSa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.